Wanda Aka Rubuta a Fom Ba Shi Ne Magaji Ba

'Yan uwa Musulmi na nan Agege, da masu zuwa mana Juma'a daga Abbatuwa da Ikeja da sauran unguwanni,

Takardarmu ta wannan makon za ta ɗan yi tsawo, a yi mana haƙuri. Wanda bai iya karatun boko ba, don Allah na kusa da shi ya karanta masa bayan an idar da salla, domin maganar ta fi shafar irinsu.

Da yawanku za ku tuna ɗan uwanmu da muka yi wa salla bara, kwana kaɗan bayan babbar salla, wanda yake gadi a wani kamfani. Ba za mu faɗi sunansa ba, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ya fi shekara goma yana wannan gadin. Ciwon kwana biyu ya yi, ya cika da asuba, kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Ranar Juma'a aka yi masa karo-karo a ƙofar masallaci, muka haɗa da 'yan kayansa a jaka ɗaya, muka ba direban tirela mai komawa Arewa ya kai wa iyalinsa. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya uku, biyu maza ɗaya mace, da mahaifiya tsohuwa. Mu a ganinmu mun sauke nauyi.

Bayan wata bakwai sai ga abokin ɗakinsa ya shigo ofishin masallaci da wata tsohuwar waya. Ya ce saƙo ne ya shigo layin marigayin da Turanci, an ambaci kuɗi masu yawa, shi dai yana zaton 'yan damfara ne amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Muka duba. Ashe ba damfara ba ce. Kamfanin da yake riƙe da asusun fanshon marigayin ne ya aiko da bayanin abin da ya taru masa. Shekara da shekaru ana yankar wani abu daga albashinsa ana tara masa, matarsa ba ta sani ba, mahaifiyarsa ba ta sani ba, mu ma da muke sahu ɗaya da shi kullum ba mu sani ba. A watannin nan bakwai an cire babban ɗansa daga makaranta, an sayar da akuyoyin matar an ci abinci. Alhali ga haƙƙinsu nan a ajiye a Legas. Da wannan layin waya ya mutu, ko yaron ya goge saƙon, shi ke nan fa.

To bari mu ɗan yi bayanin yadda abin yake, daidai abin da muka fahimta a zirga-zirgar da muka yi.

A shekarar 2004, zamanin Obasanjo, aka yi dokar da ta sauya tsarin fansho a ƙasar nan, aka kafa Hukumar Fansho ta Ƙasa wadda ake kira PenCom, mai hedkwata a Abuja. A 2014, zamanin Jonathan, aka sake dokar, ita ce ake aiki da ita. Abin da ta ce shi ne, kowane ma'aikaci zai buɗe asusu da sunansa a ɗaya daga cikin kamfanonin kula da fansho da hukumar ta ba lasisi, a ba shi lamba tasa ta kansa mai farawa da PEN. Duk wata a yanki kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai kamfani kuma ya ɗora aƙalla kashi 10 daga aljihunsa, a zuba a wannan asusun. Misali wanda ake yi wa lissafi a kan naira 100,000, za a yanki 8,000, a ɗora masa 10,000, ya zama 18,000 ke nan a wata, 216,000 a shekara. Ku auna wannan a shekara goma. Dokar ta wajabta haka a kan ma'aikatan gwamnatin tarayya da duk kamfani mai ma'aikata 15 ko fiye. Kuɗin ba a hannun mai kamfani suke zama ba, ko ka bar aikin ko an kore ka, asusun naka ne, yana nan da lambarsa. Idan ka kai shekara 50 ka ajiye aiki za ka fara ci. Idan ka rasa aiki kafin nan, ka yi wata huɗu ba ka sami wani ba, kana da damar karɓar kashi 25. Idan kuma ciwo ko naƙasa ta kayar da kai har likita ya tabbatar ba za ka iya aiki ba, ba sai ka jira shekara 50 ba.

Akwai kuma abu biyu da yawancinmu ba mu taɓa ji ba. Na farko, dokar ta ɗora wa mai kamfani ya yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ana biya idan ya rasu yana cikin aiki. Na biyun wata hukuma ce daban, NSITF, wadda dokar 2010 ta ɗora wa biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni ko ya kamu da cuta ko ya mutu saboda aikinsa. Kamfani ne yake biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a taɓa albashin ma'aikaci. Wanda inji ya cinye wa yatsu, ko kaya suka faɗo masa a sito, yana da haƙƙi a can, amma dokar tana so a sanar da kamfani cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyyar kafin shekara ta cika. Mu kuwa da an ji ciwo sai a sa mutum a mota a ce a kai shi gida wajen mai ɗori, shi ke nan an bar maganar.

Wannan duk bayanin duniya ne. Abin da ya sa muka kawo shi takardar masallaci shi ne abin da ya biyo baya.

Da muka je ofishin kamfanin fanshon, suka buɗe fayil ɗin marigayin, sai ga shi a gurbin da ake kira nes-of-kin sunan yayansa ne, wanda ya kawo shi Legas tun yana saurayi. Lokacin da ya cike fom ɗin ko aure bai yi ba. Da labari ya kai ga yayan, sai ya ce ai shi ƙaninsa ya rubuta, don haka kuɗi nasa ne, zai dai taimaka wa yaran da abin da ya sawwaƙa. Da izininsa muke ba da wannan labarin, kuma Allah ya sani ba mugun mutum ba ne. Shi ya yi jinya, shi ya biya asibiti. Abin da ya ɗauka shi ne abin da kusan dukkanmu muka ɗauka, domin mu da bakinmu muka fassara kalmar nan da "magaji". Idan ma'aikacin ofis ya tambaye ka, mai yi maka tafinta sai ya ce, "Wai wa za ka sa magajinka?" Daga nan ɓarnar ta faro.

Jama'a, magaji ba mu muke naɗa shi ba. Allah Maɗaukakin Sarki bai bar rabon gado a hannun kowa ba, Shi da kansa ya yanka wa kowa rabonsa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, ya kira abin iyakokinsa, ya yi alkawarin Aljanna ga wanda ya tsaya a kansu, ya yi narkon wuta ga wanda ya ƙetare. Aya ta 10 kuwa, wadda take daf da su, ta kwatanta mai cin dukiyar marayu da zalunci da mai cusa wuta a cikinsa. Kuɗin da aka yanka daga albashin mutum guminsa ne. Abin da kamfani ya ɗora masa shi ma ladan aikinsa ne, da sunansa aka ajiye. Ranar da ya rasu duk sun zama tarika, daidai da gonarsa da rigarsa da kekensa. Sa hannu a fom ba ya mayar da su na wani.

Abin da ya ba mu mamaki, ita kanta dokar 2014 ba ta ce a miƙa wa wanda aka rubuta ba. Cewa ta yi sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar kotu mai nuna waɗanda za su kula da dukiyar mamacin, sannan a saki kuɗin a bi wasiyyar ko a bi dokar da ta shafi mamacin a karan kansa. Musulmi kuwa wace doka ce ta shafe shi a sha'anin gado in ba shari'ar Musulunci ba? Wanda aka rubuta ɗin nan, shi ne kawai mutumin da za a fara nema idan wani abu ya faru. Ɗan aike ne, mai riƙon amana. Aya ta 58 ta wannan surar dai ta umarce mu da mayar da amana ga masu ita.

Malam Liman ya zaunar da yayan a gaban kwamiti ya yi masa lissafi a kan allo, mu ma muka ƙaru. Ya ce da farko a fitar da kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya idan akwai, wadda ba ta wuce sulusi kuma ba a yin ta ga mai gado. Kuɗin asibitin da ya biya, idan da niyyar rance ya biya, bashi ne, za a mayar masa kafin a raba komai. Sannan ya ce mu ƙaddara abin da ya rage naira 2,400,000 ne. Matar tana da tumuni, 300,000, tunda akwai 'ya'ya. Mahaifiya tana da sudusi, 400,000. Ragowar 1,700,000 na yaran ne, a kasa biyar, kowane namiji 680,000, macen 340,000. Yayan ya ce, "To ni fa, Malam?" Malam ya ce, "Alhaji, matuƙar mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan uwa ba ya cin ko sisi." Ɗakin ya yi tsit. An sha fama kam, sai da aka yi zama uku. Amma a na ukun mutumin nan ya yi kuka, ya ce a gafarce shi, jahilci ne. Yanzu haka shi ne kan gaba wajen bin takardun. Allah ya saka masa da alheri.

Shi kuɗin inshorar rai hukuncinsa a doka ya ɗan bambanta, domin shi wanda ma'aikacin ya ambata ake biya. Malamai sun yi magana daban-daban a kan ko gado ne ko kyauta ce ga wanda aka ambata. Malam Liman ya ce shi zuciyarsa ta fi natsuwa da a raba shi rabon gado, ya kawo misalin diyyar kisa, wadda mamaci bai taɓa riƙe ta a hannunsa ba amma duk da haka ana gadonta, har Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aika a ba matar Ashyam ad-Dibabi rabonta daga diyyar mijinta, kuma Sayyidina Umar ya koma kan wannan hukuncin da labarin ya riske shi. Duk wanda irin wannan kuɗi ya faɗo hannunsa, kada ya yi wa kansa fatawa, ya zo wajen malamai.

Mun san akwai masu cewa, mu ina ruwanmu da fansho, wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abinci. Gaskiya ne, arziki na Allah ne. Amma Annabin da ya koya mana tawakkali shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure abinsa sannan ya dogara. Shi ne kuma ya je duba Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas yana kwance ba lafiya a Makka, Sa'adu yana so ya yi sadaka da mafi yawan dukiyarsa, ya hana shi wuce sulusi, ya nuna masa barin magada cikin wadata ya fi a bar su suna miƙa hannu ga mutane. Annabi Yusuf, alaihis salam, shekara bakwai ya sa aka yi ana ajiye hatsi a zangarniyarsa saboda shekarun fari da ba su zo ba tukuna. Ko ɗaukar nauyin tsoho da gajiyayye daga baitulmali ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Sayyidina Umar ya kafa diwani ya yanka wa mutane abin da za a riƙa ba su, har jarirai, kuma malaman tarihi sun kawo yadda ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ce ba a yi masa adalci ba idan an ci ƙuruciyarsa aka yar da shi da ya tsufa, ya sa aka yanka masa abin da zai ci.

Masu cewa ana juya kuɗin fansho da kuɗin ruwa, su kam maganarsu tana da tushe, ba za mu rufe ta ba. Yawancin kuɗin rance ake ba gwamnati da bankuna da su a kan ruwa. Amma tun 2021 hukumar ta buɗe wani rukuni da ake kira asusu na shida, wanda ba ruwansa da kuɗin ruwa, ana zuba shi a irin su sukuk, wato irin takardun da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi. Ba a mayar da kowa can sai ya nema da kansa. Ka je ofishin kamfaninka ka ce a mayar da kai. Idan sun yi maka wasa, tun ƙarshen 2020 an ba ma'aikaci damar ɗauke asusunsa daga wani kamfani zuwa wani sau ɗaya a shekara. Wanda ya san da wannan ƙofar ya ƙi bi, to ba shi da sauran uzuri a kan maganar ruwa.

Sai mu juyo kan alhazanmu masu motoci da masu sito da masu kamfanin gadi, domin ba a kan baƙi kaɗai wa'azi yake ba. Wanda ya yanki kuɗin fansho daga albashin yaronsa bai zuba ba, ya ci amana sau biyu, ya ci ta ma'aikacin ya ci ta marayun da zai bari. Doka ta ba shi kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya zuba, in ya yi jinkiri akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari ba duk wata. Wannan tarar duniya ce, mai sauƙi. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙodago ya ci aikinsa bai cika masa ladansa ba. Kai kuma ma'aikaci, kada ka tsaya ga abin da aka rubuta a takardar albashi. Ka nemi bayanin asusunka ka gani da idonka ko kuɗin suna shiga. Mun ga wanda aka yi shekara huɗu ana yanka, da ya je ya tarar ba ko kwabo.

Mafi yawanmu dai ba ma'aikatan kamfani ba ne. 'Yan dako ne, da masu shayi, da mahauta, da masu faci, da 'yan acaba waɗanda hanin 2022 ya raba da titunan Ikeja da wasu ƙananan hukumomi aka wayi gari ba sana'a. Saboda irinmu ne a watan Maris na 2019 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho na masu sana'ar hannu, mutum ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa, kullum ko mako ko wata. Yadda aka tsara shi da farko, kashi 40 kana iya ɗiba idan lalura ta taso, kashi 60 sai tsufa. Ba muna tallata wa kowa kamfani ba ne, masallaci ba shi da kwamisho a ciki. Wanda ya ga adashi ko kiwo a gida ya fi masa, bismilla. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutum ya yi shekara talatin a Kurmi, ƙarfi ya ƙare, ya koma gida da jaka ɗaya da ciwon baya, ko ya ajiye wani abu a inda ba wanda ya sani. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya hori Musulmin da yake da abin yin wasiyya kada ya kwana biyu sai wasiyyarsa tana rubuce. Mu da muke nisan kwana ɗaya da yini a mota daga iyalanmu, mu ne muka fi kowa buƙatar wannan. Wasunmu suna ɓoye wa matansu abin da suka mallaka wai kada su raina su ko su buɗe ido. To ka ɓoye mata adadin in ka ga dama, amma ta san sunan kamfanin da inda lambar take.

Maganar marigayin har yau ba ta ƙare ba, kuma a nan laifin namu ne, mu 'yan kwamiti. Mun gaggauta jana'iza kamar yadda sunna ta koyar, amma ba wanda ya tsaya ya karɓi takardar asibiti mai nuna ya rasu, balle takardar shaidar mutuwa ta Hukumar Ƙidaya. Ba tare da su ba, sashen gado na Babbar Kotun jiha ba ya sauraronka. Da muka samo su kuma sai ga wata matsalar: a katin ɗan ƙasa an rubuta sunansa iri ɗaya, a fayil ɗin fansho wani iri, shekarar haihuwa ma ta sha bamban da shekara uku. Kun san halinmu, yau Muhammadu, gobe Mamman, jibi sunan garinmu a matsayin sunan uba. Gyaran da mai rai zai yi da yini ɗaya, mu ga shi mun shiga wata na biyar muna rantsuwa a kotu muna biyan kuɗin mota, yaron nan kuma har yanzu bai koma makaranta ba.

Saboda haka kwamiti ya yanke cewa daga yau duk gawar da za a sallata a wannan masallaci, za a wakilta mutum ɗaya ya tsaya kan takardu yayin da sauran suke wanka da haƙa. Ba za a jinkirta binne kowa ba saboda takarda. Kuma mun buɗe littafi a ofishin sakatare. Ranar Lahadi bayan la'asar za mu zauna, duk mai asusun fansho ya zo da katin ɗan ƙasa da lambarsa ta PEN, mu rubuta sunan kamfanin da lambar wayar mutum biyu daga gida. Ba ma tambayar nawa ne a ciki, kuma kada kowa ya ba mu lambar sirri ta banki ko ta waya. Littafin zai zauna a kulle, mabuɗi ɗaya wajen Malam Liman ɗaya wajen ma'aji. Wanda ya cike fom tun yana gwauro, za mu nuna masa yadda zai je ya sabunta sunayen. Masu gadin dare da ba za su samu zuwa da yamma ba, su same mu ranar Litinin bayan sallar asuba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya marayun da aka bari, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Sakatare, a madadin Kwamitin Masallaci